Zaɓen da Matasanmu na Amurka ke Rainawa

Duk bayan shekara huɗu, in aka zo zaɓen shugaban ƙasar Amurka, barci yakan ƙaurace wa mutanenmu. Daga Bronx har Nima ta Accra, daga Greensboro har Zinder da Kano, za ka tarar an kasa kunne a rediyo, an tasa waya a gaba, ana ƙidayar jihohi kamar da mu za a raba mulkin. Bayan shekara biyu kuma sai a sake wani zaɓen a ƙasar, wanda ake kira zaɓen rabin wa'adi, ya zo ya wuce ba wanda ya ko ɗaga kai. Ku ƙannena da 'ya'yana da aka haifa a can, ko kuka girma a can har kuka karɓi takardar zama 'yan ƙasa, da ku nake. Wannan zaɓe da kuke wa kallon na cike gurbi ya fi shafar aljihunku da gidan da kuke haya, kuma a cikinsa ne ƙuri'arku ta fi nauyi.

Bari mu fara da wannan magana ta nauyi, don ita ce mutane suka fi jahilta. Ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke naɗa shugaban Amurka ba, kowace jiha da kason wakilanta, kuma a kusan dukkan jihohin wanda ya yi rinjaye shi ke kwashe kason gaba ɗaya. Jihar New York rabonta da zaɓen ɗan jam'iyyar Rifablikan a matsayin shugaban ƙasa tun 1984. Texas kuwa rabonta da ɗan Dimokrat tun 1976. Ke nan wanda ke zaune a Bronx ko Houston, ya fita ko kada ya fita, an riga an san inda jiharsa za ta faɗa. To amma a 2022 me ya faru? A wannan New York ɗin da ake cewa ta 'yan Dimokrat ce, 'yan Rifablikan suka ƙwace kujeru huɗu na Majalisar Wakilai ta tarayya, ɗaya daga ciki da ratar da ba ta kai ƙuri'a 2,000 ba. Da aka tattara ƙasar duka, sai suka tashi da kujeru 222, abokan hamayyarsu 213. Da kujeru biyar sun sauya hannu, da ragamar majalisar ta koma ɗaya ɓangaren. Mutumin New York da ya zauna a gida ran nan yana cewa ƙuri'arsa ba ta da tasiri, a ranar da take da tasirin ya zauna.

Majalisar Wakilai tana da kujeru 435, kuma duk bayan shekara biyu ake sabunta su gaba ɗaya. Majalisar Dattawa tana da 100, kowace jiha biyu, wa'adinsu shekara shida, ana zaɓen kusan kashi ɗaya cikin uku a kowane zagaye. A shekarar rabin wa'adin ne kuma jihohi 36 ke zaɓen gwamnoninsu, tare da dubban 'yan majalisun jihohi. Duk da haka dubi yadda ake fita. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka cancanta sun kaɗa ƙuri'a. A rabin wa'adin 2014 kuwa ba su kai kashi 37 cikin ɗari ba, abin da ba a ga irinsa ba tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 'yan shekara 18 zuwa 29, mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya fita a waccan shekarar. Tsofaffi ba sa fashi. Shi ya sa ɗan majalisa zai iya yin wasa da kuɗin makarantarku ya kwana lafiya, amma in aka zo kan fanshon tsofaffi sai ya yi ta kaffa-kaffa.

Shugaban Amurka, duk da jirginsa da dogarawansa, kamar maigida ne da makullin rumbu ke hannun wani. Kundin tsarin mulkin ƙasar ya ce ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai da dokar majalisa, kuma haraji ma ita ke sa shi. Ga misali na kusa da ya taɓa kowane gida namu. A 2025 aka shigar da harajin aika kuɗi ƙasashen waje cikin wani babban ƙudirin haraji. Da farko kashi 5 cikin ɗari aka nema, Majalisar Wakilai ta mayar da shi uku da rabi ta kuma zartar da ƙudirin da ƙuri'a 215 a kan 214. Da ya je Majalisar Dattawa aka sake rage shi zuwa kashi 1, aka yi kunnen doki 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa ya raba gardama. Tun daga farkon 2026, duk wanda ya ɗauki tsabar kuɗi ya je kanti don aika wa tsohuwa kuɗin azumi ko na ragon layya, sai an cire wannan kaso. Bambancin da ke tsakanin kashi biyar da kashi ɗaya ba a fadar shugaban ƙasa aka yanke shi ba, 'yan majalisa ne suka yi cinikinsa a tsakaninsu. A cikin watan Yulin shekarar ne kuma majalisar ta janye kimanin dala biliyan 9 da aka riga aka ware, mafi yawansu na agajin ƙasashen waje, amma wasu sanatoci suka dage sai da aka tsame dala miliyan 400 na shirin yaƙi da cutar ƙanjamau, shirin da asibitocin Najeriya suka daɗe suna cin moriyarsa.

Ko zuwan iyayenku ƙasar ma, da yawa aikin majalisa ne. Cacar bizar nan da ta kai dubban mutanen Gana da Nijar da Najeriya Amurka, doka ce da majalisa ta yi a 1990. Abin da shugaban ƙasa ya yi da alƙalaminsa, wanda ya gaje shi kan goge shi a ranar farko, kamar yadda takunkumin biza da aka sa wa Najeriya a farkon 2020 ya tashi a Janairun 2021. Abin da majalisa ta mayar doka kuwa yakan daɗe, sai wata majalisar ta zauna ta warware shi.

Haka batun yaƙi da makamai, wanda na san yana ci wa da yawanku tuwo a ƙwarya. Majalisa ce ta ba da izinin yaƙin Iraƙi a Oktoban 2002, sanatoci 77 suka amince, 23 suka ƙi. Ita ce ke ware dala biliyan 3.8 na tallafin soja ga Isra'ila kowace shekara. Wanda ya yi zanga-zanga a titi har muryarsa ta dushe, amma bai san sunan ɗan majalisar da ke wakiltar unguwarsa ba balle yadda ya kaɗa ƙuri'a kan waɗannan kuɗaɗe, ya bar jaki yana dukan taiki. Kada kuma ku ɗauka 'yan majalisar nan duk idonsu biyu. Lokacin da aka kashe sojojin Amurka huɗu a Tongo Tongo ta Nijar a Oktoban 2017, manyan sanatoci sun fito a talabijin sun amsa cewa ba su san ƙasarsu na da ɗaruruwan sojoji a Nijar ba. Irin mutanen da ake turawa ke nan idan masu zaɓe suka yi sakaci.

Alƙalan Kotun Ƙoli ma, waɗanda ke zama kan kujera har mutuwa ko murabus, sai Majalisar Dattawa ta amince da su. 'Yan Rifablikan sun karɓe majalisar a wancan zaɓe na 2014 da mutane suka ƙi fita. Da gurbi ya samu a kotun a 2016, Obama ya miƙa sunan Merrick Garland, suka ƙi ko da sauraronsa har wa'adin Obama ya cika. Ko ka ji daɗin abin da ya biyo baya ko ka ji haushinsa, tushensa wani zaɓe ne da mutum biyu cikin uku suka ga bai kai su bar aikinsu ba.

Sai dai inda nake so ku fi natsuwa shi ne majalisun jihohi, domin a nan ne rainin ya fi yawa, a nan ne kuma rayuwar yau da kullum take. Amurka ba ƙasa ɗaya ba ce ta fuskar doka, kowace jiha da nata tsarin. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun 2009. Mai wankin kwanuka a birnin New York ba a biyansa ƙasa da dala 16, amma takwaransa a Texas ko North Carolina doka ta yarda a sallame shi da wancan tsohon farashi. Dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama ta buɗe hanyar faɗaɗa kulawar lafiya ga masu ƙaramin ƙarfi, amma Kotun Ƙoli a 2012 ta bar wa kowace jiha zaɓin ta karɓa ko ta ƙi. Jihohi 40 sun karɓa. Texas da Georgia da Florida na cikin waɗanda suka ƙi. Mutum biyu masu samu iri ɗaya, ɗaya a Bronx ɗaya a Atlanta, wannan ya ga likita, wancan ya haɗiye ciwonsa.

Ku mutanen New York kun ga abin da idonku, ko da ba ku lura da inda ya fito ba. A zaɓen 2018 rinjayen majalisar dattawan jihar ya sauya hannu. Kafin tsakiyar 2019 ta wuce an yi dokar haya da ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, ta kuma toshe hanyoyin da ake bi a fitar da gidaje daga tsarin ƙayyade haya. An yi dokar da ta bai wa marasa takardun zama damar samun lasisin tuƙi, wadda ta tsallake majalisar dattawan jihar da ƙuri'a 33 a kan 29. Kawunka da ya shekara goma yana tuƙi gabansa na faɗuwa duk lokacin da ya hango motar 'yan sanda a madubi, waɗannan ƙuri'u huɗu ne suka raba shi da fargaba. Masu gidajen haya sun yi ta kukan cewa dokar ta hana su gyaran gidaje, kuma akwai masu ganin batun lasisin bai dace ba. Muhawara ce ta gaske. Abin da nake nunawa shi ne a Albany, inda majalisar jihar ke zama, aka yi ta, ba a Washington ba, kuma mutanen da suka yanke hukuncin yawancinku ba za ku gane su ba ko a lifta kuka haɗu.

Addininku ma bai tsira daga hannun majalisun jihohi ba, ta alheri da ta sharri. New Jersey ta yi dokar kare masu sayen abincin halal tun a 2000, don hana mai shago liƙa tambarin halal a kan naman da ba shi ba ne. Oklahoma kuwa, a zaɓen rabin wa'adin 2010, majalisar jihar ta gabatar wa jama'a tambaya a takardar ƙuri'a kan a hana kotuna la'akari da shari'ar Musulunci, kashi 70 cikin ɗari suka amince. Wani matashi Musulmi ya kai ƙara, yana cewa hakan zai iya hana a zartar da wasiyyarsa yadda addininsa ya tanada, sai da kotun tarayya ta soke abin a 2013. Irin waɗannan tambayoyi can ƙasan takardar ƙuri'a ake rubuta su, ko a bayanta, inda mai gaggawa ba ya dubawa.

Akwai kuma wani iko na majalisun jihohi da ba a cika magana a kansa ba. Bayan kowace ƙidayar jama'a, duk shekara goma, a yawancin jihohi su ne ke shata iyakokin mazaɓun 'yan majalisar tarayya. Wanda ke riƙe da alƙalamin zai iya tattara unguwannin abokan hamayya ya cusa su a mazaɓa ɗaya, ko ya daddatsa su ya watsa cikin mazaɓu da yawa yadda ba za su yi rinjaye ko'ina ba. A 2010 'yan Rifablikan sun ci ɗaruruwan kujerun majalisun jihohi daidai lokacin da za a yi shatar, suka kuma ci gajiyar hakan tsawon shekaru. 'Yan Dimokrat ma ba waliyyai ba ne, abin da suke yi ke nan a Illinois da Maryland. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga wannan rigima. Saboda haka ɗan majalisar jihar da kuka raina shi ne ke yanke wa ƙuri'arku ta tarayya daraja tun kafin ku kaɗa ta.

Na san abin da za a ce, ƙuri'a ɗaya me za ta yi? A 2017 an yi zaɓen majalisar wakilan jihar Virginia. A wata mazaɓa ta birnin Newport News, David Yancey na Rifablikan ya kara da Shelly Simonds ta Dimokrat. Ƙidayar farko ta ba Yancey rinjayen ƙuri'a goma. Aka sake ƙirgawa, Simonds ta wuce shi da ƙuri'a ɗaya tak. Washegari alƙalai uku suka duba wata takardar ƙuri'a da mai ita ya cike da'irar 'yan takarar biyu sannan ya ja layi a kan sunan Simonds, suka ce ta Yancey ce. Kowa ya tashi da 11,608. Ranar 4 ga Janairun 2018, a birnin Richmond, jami'an zaɓe suka rubuta sunayen biyu a 'yan takardu, suka cusa kowanne cikin ɗan gwangwanin fim ɗin kyamara, suka jefa a wani kwanon tangaran, aka juya, shugaban hukumar ya sa hannu ya ɗauko ɗaya a gaban 'yan jarida. Sunan Yancey ne. Da wannan canki-canka jam'iyyarsa ta riƙe majalisar da kujeru 51 a kan 49, a jihar da ke da mutum sama da miliyan takwas. A Iowa a 2020 an ci kujerar majalisar tarayya da ratar ƙuri'a 6. A zaɓen Minnesota na 2008 Al Franken ya ci kujerar Majalisar Dattawa da ratar ƙuri'a 312 cikin kusan miliyan uku, kuma shi ya cika wa jam'iyyarsa adadin 60 da ta buƙata ta zartar da dokar lafiyar da ta ba ku damar zama kan inshorar iyayenku har shekara 26. Masallaci ɗaya a Bronx ranar Juma'a yana tara mutanen da suka haura waccan ratar ta 312.

Iyayenmu da suka fara zuwa suna da uzurinsu. Sukan ce, "Mu baƙi ne, nema ya kawo mu, ina ruwanmu da siyasarsu?" Da yawansu ba su da damar zaɓe, zuciyarsu kuma tana gida. Ku ba haka kuke ba. Ku dubi 'yan Somaliya na Minnesota, waɗanda yawancinsu ba su riga mutanenmu isa ƙasar ba. Ilhan Omar daga majalisar jiha ta fara a 2016, sannan ta wuce ta tarayya a zaɓen rabin wa'adin 2018, kuma da shigarta aka sassauta dokar hana rufe kai a zauren Majalisar Wakilai, dokar da ke nan tun 1837. Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar, a rabin wa'adin 2006 aka zaɓe shi. Obama kansa shekara takwas ya yi a majalisar dattawan jihar Illinois. Ba sai kun yarda da siyasar waɗannan mutane ba kafin ku lura da ƙofar da suka bi.

Wani zai ce jam'iyyun biyu duk ba nasa ba ne, wannan ta saɓa masa a tarbiyyar yara a makaranta, waccan ta saɓa masa a batun baƙi da talakawa, don haka da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙorafin yana da tushe, amma maganinsa zaɓen fidda gwani ne, inda ake tantance wanda zai tsaya tun kafin Nuwamba. A mazaɓun da jam'iyya ɗaya ta mamaye, wannan shi ne zaɓen gaske, kuma shi ne mutane suka fi ƙaurace wa. A 2018 Alexandria Ocasio-Cortez, tana da shekara 28, ta kayar da ɗaya daga jiga-jigan jam'iyyarta a mazaɓar da ta haɗa sassan Bronx da Queens, da ƙuri'un da ba su kai 17,000 ba. Sai dai a New York ba ka shiga fidda gwanin jam'iyya sai ka yi rajista da sunanta, wasu jihohin kuma a buɗe suke barin ƙofa. Kowa ya binciki dokar jiharsa.

Masu karanta wannan a Najeriya kada su ce ba da su ake ba, domin tsarin shugaban ƙasa da majalisu biyu da muka fara bi a 1979 daga Amurka muka aro shi. Majalisar Dattawa ce ta binne tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayun 2006, kuma ba a gyara kundin tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Namu ciwon ya ɗan bambanta: muna fita, amma sai mu yi sak daga sama har ƙasa saboda ƙaunar mutum ɗaya, mu tura Abuja wanda ko sunansa ba mu sani ba, sannan mu shekara huɗu muna tsine masa.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci ga na Amurka. Mai katin zama na dindindin da bai zama ɗan ƙasa ba, kada ya kuskura ya yi rajistar zaɓe, ko da ma'aikacin ofishin lasisin tuƙi ne ya miƙo masa takardar. Laifi ne da ke iya hana mutum zama ɗan ƙasa har ya kai ga kora. Shi aikinsa ya tuna wa masu dama, ya ɗauke su a mota, ya riƙe musu yara.

Ku da kuke da damar kuma, ku tuna ba a sauƙaƙe baƙar fata ya same ta ba. Sai da aka fasa kan ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata John Lewis da kulki a gadar Selma ranar 7 ga Maris 1965 kafin a yi dokar kare 'yancin zaɓe a shekarar, kuma sai a 1971 aka sauko da shekarun zaɓe zuwa 18. Ranar zaɓe Talata ce, wadda ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, kuma ba ranar hutu ba ce ga yawancin ma'aikata. A 2026 ta faɗo ranar 3 ga wata. Yawancin jihohi suna buɗe rumfuna kwanaki kafin nan, wasu suna karɓar ƙuri'a ta gidan waya, don haka uzurin aiki ya ragu. Ku duba ko sunanku na cikin rajista, musamman in kun sauya gida. Ku nemi samfurin takardar ƙuri'ar unguwarku a intanet ku karanta ta har ƙasa, ku juya bayanta. In Hajiya ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa amma karatun Turanci na ba ta wahala, dokar tarayya ta yarda ta shiga rumfa da mataimakin da ta zaɓa, muddin ba ubangidanta na wurin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonta ba ne. Ku riƙe hannunta ku tafi tare.